Matakala Talatin da Ɗaya

Talatin da ɗaya. Da gwiwata na ƙirga su
daren da na goyo Baba daga asibiti
zuwa hawa na biyu, bayan layin dogo a Agege,
numfashinsa a wuyana,
yana cewa sannu Mudi, sannu,
da rabin bakin da ciwo ya bar masa.

Shekara arba'in da shida yana kasa goro a garin nan,
yakan gane ɗan Shagamu tun ba a kwance huhu ba.
Yau cokali ya fi ƙarfinsa.

Ni kuwa kafin assalatu nake fita,
in na makara hanyar Apapa ta cinye min rana.
Saude tana shagon ɗinki da goyo.
Wa zai juya shi, kada katifa ta ci masa baya?
Wa zai tuna farar ƙwaya da safe, ja da dare?

Muka ɗauko biro da bayan kalanda.

Saude ta ce a nemo mai jinya ta wuni.
Akwai wata Sikiratu, ta taɓa aikin asibiti,
hannunta da sanyi, in ji maƙwabta.
Sai dai ladanta rabin albashina ne,
kuma magariba na yi za ta bi danfo.
Dare fa?
Daren majinyaci ya fi na kowa tsawo.

Yaya Tasalla ta bugo daga Tsafe: ku kawo shi gida.
Wane gidan? Soron ya zube tun daminar bara,
sa'o'insa duk sun kwanta a bayan gari,
gashin ƙashi kuwa sai an ci uwar tafiya.

Ran Asabar na sulale Ikorodu ni kaɗai
kamar mai zuwa gun boka.
Gidan tsofaffi.
Ba matakala ko ɗaya. Ƙarfen dafawa a banɗaki,
ƙararrawa a kan gado, nas biyu masu kwana.
Wata tsohuwa tana yi wa 'yar tsana kitso.
Na tambayi kuɗi, sai da na nemi kujera.
Na ce akwai mai jin Hausa?
Matar ta yi jim, ta ce maigadinmu.
Alƙibla fa?
Ta nuna taga, ta sake shawara, ta nuna wata.

Aibu na je nema, don in samu abin faɗa.
Zanin gado fes, ba wanda aka daka wa tsawa.
Shi ne abin da ya hana ni barci.
A mota ina jin bakin mutanen masallaci
tun ba su buɗe shi ba:
ɗan Tankari ya kai ubansa ajiya.

Da dare muna ta raɗa, ni da Saude,
mu tara, mu ɗebe, lissafi ya ƙi,
sai murya ta fito daga bayan labule:
kun yi ta cinikin huhu, ba wanda ya buɗe shi.

Muka yi tsit.

Ya ce shagon mai cajin waya da ya tashi,
can ƙasa, jikin masallaci,
ku sauke ni, in riƙa jin takun mutane.
Sikiratu ta zo da rana, na fi ka Yarbanci.
Da dare ka shimfiɗa tabarma.
Ranar da na dube ka na ce waye wannan,
ka koma Ikorodun da kake ɓoye min,
ka nuna musu gabas da kanka.
Kada kunya ta sa ka kashe mu mu biyu.

Gobe zan ga mai gidan haya.
Ban san ko aljihu zai kai mu azumi ba.
Na dai gwada bayana ɗazu a tsakar ɗaki.
Talatin da ɗaya ne har yanzu,
amma wannan karon sauka ce.